Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Manyan Birane Da Kansilolinsu Kan Masu Kwana A Titi

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Mu masu aiki ne a gidajen kwana na marasa matsuguni da ofisoshin raba gidajen gwamnati, tare da ma'aikatan lafiya masu bin titi da dare, da masu tsara birane, da lauyoyin da ke tsaya wa 'yan haya a kotu. Muna magana ne da yawun waɗanda ba sa samun kujera a zaurenku ranar da ake yanka kasafin kuɗi: mai kwana ƙarƙashin gada, da uwar da ke yawo da 'ya'yanta daga ɗakin wannan ɗan'uwa zuwa na wancan, da ma'aikacin da albashinsa ke ƙarewa a hannun mai gida tun wata bai raba ba.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, duk lokacin da surutu ya yi yawa a kan masu kwana a titi, abu biyu kuke yi. Ku tura motoci a kwashe su, sannan ku ƙara gadaje a gidan kwana. Kuɗin gina gidajen haya masu rahusa kuwa shi ake fara zabgewa idan aljihu ya yi zafi. Tun da kotun ƙolin Amurka ta yanke hukunci a watan Yunin 2024, a shari'ar garin Grants Pass, cewa birni na iya hukunta mai kwana a fili ko da babu gadon da za a ba shi, masu ra'ayin kame suka ƙara samun bakin magana. Muna so ku duba abin da wannan hanya ke haifarwa kafin ku ƙara zurfi a cikinta.

Mu fara da kwashewar. Ranar da aka zo share wuri, ba kwali da leda kaɗai ake watsawa a motar shara ba. A cikin jakar nan akwai katin shaida, da takardar haihuwa, da katin asibiti, da maganin wata guda na hawan jini ko tarin fuka ko taɓin hankali, da wayar da ma'aikacinmu ke kiran mutum da ita. Sake samun katin shaida kan ci makonni, wani lokaci watanni, kuma ba tare da shi ba babu neman aiki, babu buɗe asusun banki, babu shiga layin gida. Mai shan maganin tarin fuka na wata shida idan ya katse a tsakiya, cutar na iya dawowa ta ƙi jin magani, kuma ba shi kaɗai za ta tsaya wa ba. Idan an ci shi tara, ba shi da abin biya. Tara ta zama sammaci, sammaci ya zama kwanan gidan yari, wannan tabon kuma shi mai gida zai gani ya hana shi haya. Mutumin bai bar birnin ba. Ya dai koma bayan wata unguwa inda mu ma sai mun sha wahala kafin mu gano shi. Kun biya 'yan sanda, kun biya kotu, kun biya gidan yari, ga shi tsugune ba ta ƙare ba.

Sai gidajen kwana, kuma a nan za mu ɗan daɗe, don a nan kuɗinku ya fi zurarewa.

Ba mu ce a rufe su ba. Daren da sanyi ko ruwan sama ko zafi ke iya kashe mutum, gado ne ke ceton rai. Sai dai ku je ku ga yadda akasarinsu ke aiki. Ana kafa layi tun la'asar, ƙofa ta buɗe da magariba, wanda gado ya ƙare kafin a zo kansa ya koma inda ya fito. Da gari ya waye a ce kowa ya fita da kayansa. Mai aikin dare ba zai iya kama layin ba, don haka wanda ya fi kusa da tsayawa da ƙafarsa shi tsarin ke fara zubarwa. Miji da mata a raba su. Yaro namiji da ya fara tasawa a hana shi shiga ɓangaren uwarsa, uwar kuwa ta gwammace ta kwana da shi a waje. Babu akwati mai makulli, saboda haka mutum kan kwana da takalminsa a ƙarƙashin kai, jakarsa ɗaure a hannu. Idan ma'aikatanku suka rubuta a rahoto cewa wane "ya ƙi karɓar taimako", sau da yawa abin da ya ƙi ke nan.

Ga kuma cuta. Zaure ɗaya, mutum tamanin ko ɗari, tagogi a rufe: haka tarin fuka ke son wuri. Katifar da ba ta da rufin da ake gogewa gidan kuɗin cizo ce, kuma feshi sau ɗaya ba ya kashe ƙwansu, sai an maimaita bayan mako biyu, an wanke zannuwa da ruwan da zafinsa ya kai digiri 60. Ƙazuwa da ƙwarƙwata ta bargo suke bi. Ko a sansanin 'yan gudun hijira, ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji suka yarda da ita ita ce banɗaki ɗaya ga mutum 20, da fili murabba'in mita 3.5 ga kowane mutum. Akwai gidajen kwana a birane masu arziki da ba su kai wannan ba.

Amma babbar matsalar lissafi ce, kuma kowa na iya yin sa da alƙalami. Gidan kwana mai gado 100, idan kowane mutum na yin kwana 30 ya fita, zai karɓi wajen mutum 1,200 a shekara. Idan zaman ya koma kwana 180, mutum 200 da 'yan kai kaɗai zai karɓa. Gadajen ba su ragu ba, ma'aikata ba su ragu ba, kuɗin da kuke kashewa bai ragu ba, amma mutum dubu sun rasa wuri. Abin da ke tsawaita zaman kuwa ba lalaci ba ne. Babu gidan da za a fita a shiga. Duk gadon da kuka ƙara alhali ƙofar fita na toshe, cikin 'yan watanni zai cika ya tsaya cik, kamar kwatamin da aka faɗaɗa bakinsa aka bar ƙarshensa a cushe.

Birnin New York ya isa misali. Tun yarjejeniyar kotu ta 1981 a shari'ar Callahan, doka ta wajabta wa birnin bai wa duk wanda ya nema wurin kwana. Wannan ya hana dubban mutane mutuwa a sanyi, ba mu raina shi ba. Amma da yake ba a haɗa shi da isassun gidaje ba, masu kwana a waɗannan gidaje sun kai 60,000 tun shekaru kusan goma da suka wuce, a 2023 kuma, da kwararar masu neman mafaka, suka haura 100,000. A Ingila ma, iyalai fiye da 100,000 ne ke zaune a masaukin wucin gadi a 2023, da yawa a ɗakunan otal, kuma ƙananan hukumomi sun kashe fiye da fam biliyan 2 a kansu cikin shekara guda. Kuɗi ne da ba ya barin ko bulo ɗaya a ƙasa.

Ƙorafinmu na gaba a kan sharuɗɗa ne. Tsohon tsari cewa yake mutum ya hau matakala: ya bar shaye-shaye, ya riƙe magani, ya nuna ladabi a gidan kwana, ya koma gidan haɗaka, sannan a ƙarshe a ba shi ɗakinsa. Kowane mataki wurin faɗowa ne, wanda ya zame kuma daga ƙasa zai sake farawa. Ku tambayi kowane likita yadda mutum zai riƙe allurar ciwon sukari da ke son sanyi alhali ba shi da inda zai ajiye ta, ko yadda zai bar ƙwaya alhali ita ke hana shi barci don kar a yi masa sata. A 1992 wani masanin halayyar ɗan'adam, Sam Tsemberis, ya juya tsarin a New York: a ba da gida tukuna, da takardar haya da sunan mutum, sannan a bi shi da magani da taimako har ɗakinsa, ba tare da an ce sai ya warke ba. Sharaɗi biyu ne kawai, ya biya kashi 30 cikin 100 na abin da yake samu, ya kuma yarda ma'aikaci ya riƙa ziyartarsa.

An gwada wannan gwaji na gaske. Daga 2009 zuwa 2013 Kanada ta raba mutum fiye da 2,000 marasa matsuguni masu fama da taɓin hankali rukuni biyu ta hanyar ƙuri'a a birane biyar. A wata shida na ƙarshe, kashi 62 cikin 100 na waɗanda aka bai wa gida tukuna suna cikin gidajensu ba tare da yankewa ba; a ɗaya ɓangaren kashi 31 ne. Faransa ta yi irinsa daga 2011 a birane huɗu, ita ma ta ga zaman gida ya ɗore. Gaskiyar da ya kamata mu faɗa muku ita ce tsarin ba ya raba mutum da shaye-shaye da kansa, kuma ba kowane lokaci yake mayar da kuɗinsa duka ba. Rarar ta fi fitowa a kan waɗanda suka fi yawan zirga-zirga tsakanin asibiti da caji ofis. Abin da yake yi tabbas shi ne ya raba mutum da titi.

Finland ce ta ɗauke shi da muhimmanci. A 1987 tana da marasa matsuguni wajen 18,000. A 2023 ba su kai 4,000 ba. Daga 2008 ta shiga mayar da manyan gidajen kwana zuwa ƙananan gidaje. Wani gini na ƙungiyar Salvation Army a Helsinki mai gado 250 an mayar da shi gidaje 81, kowanne da ƙofarsa da makullinsa da madafinsa, ma'aikata na nan a ginin dare da rana. Masu kwaikwayo kan ɗauki sunan tsarin su manta da abin da ya riƙe shi: wata gidauniya da aka kafa tun 1985 ta yi ta saye da gina gidaje har suka haura 17,000, birnin Helsinki kuma shi ke da mafi yawan filayensa. A 2024, shekarar da gwamnati ta rage tallafin haya, adadin ya sake hawa karo na farko cikin fiye da shekara goma. Ko a can, da aka saki igiya guga ya koma rijiya.

Idan kun ɗauki tsarin ku ɗauke shi da kayan aikinsa. Ma'aikaci ɗaya ga mutum 10 idan larurarsu mai nauyi ce, ɗaya ga 20 idan matsakaiciya ce. Kuka ɗora masa 50, ziyara za ta koma kiran waya, kira ya koma shiru. Wata ukun farko su ne masu haɗari: kaɗaici ya kama mutum bayan shekaru cikin hayaniya, tsofaffin abokan titi su tare a ɗakin, maƙwabta su kai ƙara, kuɗin wuta ya taru. Mai gida na bukatar lambar da zai kira a ɗauka ko da tsakar dare ne, da asusun biyan ɓarna idan an fasa ƙofa ko famfo. Idan zama ya ƙi, a sauya wa mutum gida, kar a mayar da shi ƙarshen layi.

Yanzu ga maganar gidaje masu rahusa, inda kalmar kanta ta zama abin wasa. Ana kiran gida mai rahusa don kawai ya gaza farashin kasuwa da kashi 20 cikin 100. Wanda ke samun mafi ƙarancin albashi, ko wanda ba shi da albashin ma, wannan rahusar ba ta kai gare shi ba. Ma'aunin da aka saba da shi shi ne kada haya ta wuce kashi 30 cikin 100 na abin da iyali ke samu, kuma da aljihun na ƙasa ya kamata a auna, ba da na matsakaici ba. Shaye-shaye da taɓin hankali da mutuwar aure suna nuna wanda zai fara faɗowa. Tsadar haya da ƙarancin gidaje su ke nuna yawan waɗanda za su faɗo. Shi ya sa a Amurka jihohin da haya ta fi tsada suka fi yawan masu kwana a titi, ba waɗanda suka fi talauci ba.

Kurakurai uku ake ta maimaitawa wajen gini. Na farko, neman fili mai arha a bayan gari, inda babu aiki, babu mota, babu makaranta. Afirka ta Kudu ta gina miliyoyin gidaje kyauta tun 1994, da yawansu a gefen gari. Meziko ta yi haka har gidaje masu ɗimbin yawa suka zama kufai. Idan kuɗin mota zuwa wurin aiki ya cinye abin da aka rage a haya, mutum zai sayar ko ya ba da haya ya dawo kusa da abincinsa. Na biyu, gini ba tare da kuɗin gyara ba. Rukunin gidajen Pruitt-Igoe a birnin St. Louis na Amurka, benaye 33 masu hawa 11, an gama su a tsakiyar shekarun 1950, aka ce da kuɗin haya kaɗai za a riƙa kula da su. Masu ɗan hali suka tashi, kuɗin shiga ya ragu, lif ya tsaya, bututu ya fashe, a 1972 aka fara rushe su. Rufi, famfon tura ruwa sama, magudana, wutar matakala, duk suna da shekarun da suke mutuwa, kuma ana iya lissafa su tun ranar aza harsashi. Na uku, sayar da abin da aka gina ba tare da maye gurbinsa ba, kamar yadda Ingila ta sayar da gidajen ƙananan hukumomi kusan miliyan 2 tun daga 1980, yau kuma take biyan otal.

Birnin Vienna na ƙasar Austriya bai yi ko ɗaya daga cikin ukun ba. Ya ƙirƙiro harajin gini a 1923, ya gina gidaje fiye da 60,000 kafin 1934, bai kuma sayar da su ba. Yau yana riƙe da gidaje wajen 220,000, kusan rabin mazaunansa na cikin gidajen birni ko waɗanda aka tallafa. Malami da direba da ma'aikaciyar asibiti a bene ɗaya suke, don haka babu wanda ake gane talaucinsa da adireshinsa, kuma idan lif ya lalace akwai masu bakin da za a ji.

Abin da muke roƙo ga shi.

Ku dakatar da duk wata kwashewa da ba a riga an tanadi takamaiman wurin da kowane mutum zai koma ba. Inda ya zama dole a tashi mutane, a ba su sanarwa a rubuce, a adana kayansu da suna da lamba inda za su iya karɓa, magani da takardu kuma kar su bar hannun mai su.

Ku gyara gidajen kwanan da kuke da su kafin ku gina sababbi: a buɗe awa 24, gadon mutum ya zama nasa har ya fita, akwati mai makulli, ɗakunan iyali, ɓangaren mata da ƙofarsa da ma'aikata mata, gwajin tarin fuka ga duk mai tari na mako biyu, da adireshin da mutum zai iya rubutawa a takardar neman aiki. A daina cewa sai da katin shaida za a shiga. A ciki ya kamata a taimaka masa ya samu. Wajen ƙididdige yawan wurin da ake bukata, Indiya ta sa ma'aunin wurin mutum 100 ga kowane mazauna birni 100,000. Ku sa naku ma'aunin, ku bayyana shi.

Ku tare mutane tun kafin su faɗo, domin nan ne kuɗi kaɗan ke yin aiki mai yawa. Wani bincike da aka wallafa a 2016 a kan layin neman agaji na birnin Chicago ya nuna cewa waɗanda suka kira a ranar da akwai kuɗin biyan bashin haya, yiwuwar su shiga gidan kwana cikin wata shida ta ragu da kashi 76 cikin 100. Asusun nan sai ya iya biya cikin kwanaki, tun kafin ranar kotu, kai tsaye ga mai gida. Ku sama wa ɗan haya lauya, yadda New York ta fara a 2017. Dokar Ingila ta 2017 ta wajabta wa hukuma shiga tsakani tun saura kwana 56 mutum ya rasa gida. Irin wannan wa'adi muke so a rubuce. Asibiti da gidan yari da gidan marayu kuma kada su sallami kowa zuwa titi, tunda ranar fitarsa sananniya ce tun da wuri.

Ku haɗa rajista ɗaya da sunan kowane mutum, wadda duk ƙungiyoyi da ofisoshi za su yi aiki da ita, a kuma fara da wanda ya fi kusa da mutuwa, ba wanda ya fi iya cika fom ba. Da haka birnin Houston ya zaunar da fiye da mutum 25,000 a gidaje cikin shekara goma daga 2012, adadin marasa matsuguninsa ya ragu da fiye da rabi. Rajistar kada ta zama hanyar kame; ranar da 'yan sanda suka fara amfani da ita, babu wanda zai sake faɗin sunansa.

Ku daina sayar da filayen birni ga wanda ya fi tayi. Ku ba da su haya mai tsawon shekaru ga masu gina gidajen da rahusarsu ba ta ƙarewa. Duk wanda kuka ba izinin babban gini, a yanka masa kason gidaje masu rahusa a cikin ginin kansa, ba tarar da zai biya ya wuce ba. Faransa ta wajabta wa da yawa daga garuruwanta kashi 20 cikin 100 na gidajensu su zama masu rahusa tun 2000, ta ɗaga shi zuwa 25 a 2013, Vienna kuma tun 2018 take neman kashi biyu cikin uku a manyan filayen da ta sauya wa manufa. Daga cikin abin da aka samu, a keɓe kaso sananne ga masu fitowa daga gidajen kwana, in ba haka ba masu tsaftatacciyar takarda ne za su cinye.

Na ƙarshe, ku sauya abin da kuke ƙirgawa. Yawan gadaje da yawan kwanon abincin da aka raba ba su nuna komai sai yawan aikin da aka yi. Duk wata uku ku buga alƙaluma huɗu inda kowa zai gani: mutum nawa suka rasa matsuguni karo na farko, matsakaicin kwanakin da ake yi a gidan kwana, mutum nawa suka fita zuwa gida mai takardar haya, da nawa daga cikinsu ke nan bayan wata 12. Ku ƙara da na biyar, wanda ba a son faɗa: mutum nawa suka mutu a titi. A zaman kasafin kuɗi mai zuwa muna roƙon a ba mu lokaci mu gabatar da waɗannan a gaban majalisa, mu zo kuma da waɗanda suka kwana a gidajen nan su yi bayani da bakinsu.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Naku,
Ma'aikatan gidajen kwana, da na lafiya, da masu tsara birane, da lauyoyin 'yan haya